Ba dole ba ne a miƙa masa babban makulli

Jama'ar Arlit da Akokan! Akwai wata magana da ke yawo a ƙungiyoyinmu da ƙananan ofisoshi, kuma wallahi ta ishe ni. Teknisiyen zai zo girka manhaja a kwamfutar ƙungiya, sai ya ce wai cikin kwantena take aiki, da Docker, don haka sai an ba shi modepas na administratar, ya riƙe. Shugaba bai san kan abin ba, kunya ta hana shi tambaya, sai ya miƙa.

Tau, rabin gaskiya ya faɗa muku. Kwantena akwati ne da ake ƙunshe manhaja da duk kayan aikinta a ciki. Docker, yadda aka saba girka shi a Linux, injinsa da ikon root yake gudana, wato ikon da ba ƙofar da ke rufe masa. Wasu kuma su ce ai ba su karɓi modepas ba, rukunin "docker" kawai aka sa su. Duk ɗaya ne! Wanda ke wannan rukuni, da umarni guda zai buɗe dukan abin da ke cikin kwamfutar. Takardun Docker da kansu sun yi wannan kashedi.

Abin da ba ya faɗa: tun Disamban 2020, da fitowar Docker 20.10, ana gudanar da kwantena ba tare da root ba, a hukumance. Ga kuma Podman na Red Hat. Eh, ranar girkawa ana buƙatar administratar, sau ɗaya. Sau ɗaya fa, ba har abada ba.

Duk wanda ya yi aiki a Somaïr, ko a Cominak kafin a rufe ta a Maris 2021, ya sani katin direba ba ya buɗe ɗakin nakiya. To me ya sa kwamfutar da ke ɗauke da sunayen mambobi, da lissafin adashe, da takardun asibitin tsoffin ma'aikata, za a bar makullinta hannun wanda gobe zai hau mota ya koma Yamai, fiye da kilomita 1000 daga nan? Ban ce ɓarawo ne ba. Wayarsa ma tana iya ɓata.

Shugabannin ƙungiyoyi, ku shigar da modepas ɗin da hannunku, yana tsaye. Ku ce ya yi girkin da ba ya buƙatar root. In ya ce ba ya yiwuwa, ya rubuta dalili a takarda ya sa hannu. Waɗanda suka riga suka bayar kuwa, ku canza shi yau, ku duba su wa ke cikin rukunin nan.