Suna ba ya kiɗa

Jikka ashirin da na daɗe ina tarawa na ɗauko daga Dannet, na sayi tsohuwar jita a Arlit. An rubuta Yamaha a kanta, amma da na leƙa ramin cikinta, babu takardar F310 da mai ita ya rantse akwai. Abokai sai dariya: "An cuce ka, jabu ce!" To, sai me? Wuyanta bai lanƙwashe ba, tsirkiya shida ba mai gardama. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya harhaɗa tasa ta farko, yau har Amurka ake sauraronsa. Ku masu bautar tambari, ku tambayi kunnuwanku. Wanda bai iya kiɗa ba, ko Gibson ka miƙa masa, itacen girki ne.