Ba a fafe gora ranar tafiya: wa ke hana ɗan talaka bursu?

Duk shekara, da an fiddo sakamakon bak, sai unguwa ta ɗauki guɗa. Bayan wata biyu ko uku sai wata magana ta maye gurbin guɗar: "Ai bursu sai mai hanya. Mu da ba mu da kowa a Yamai, ina za mu samu?" Na gaji da jin wannan magana. Ba zan rantse ba cewa babu mai cin albarkacin kawunsa a ƙasar nan. Amma na fi shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma yaran da na gani da idona sun rasa tallafin gwamnati, akasarinsu takarda ce ta kayar da su, tun kafin dosiyensu ya hau teburin kowa.

Bari in ba ku labarin wata ɗalibata. Ƴar ƙauye ce, ubanta manomi, kuma tun daga ajin farko na lise ba wanda ya taɓa shan gabanta a lissafi. Ta ci bak. Da ta zo haɗa dosiye, sai aka tarar sunan da ke kan takardar haihuwarta daban, na kan takardar bak daban, shekarar haihuwa ma ba ɗaya ba. Ranar da aka sa ta lakkol ba ta da takarda. Malamin da ya rubuta ta ya dube ta, ya ƙiyasta shekarunta, ya rubuta suna yadda kunnensa ya ji. Daga baya uban ya je kotu aka yi mata takarda da wani rubutu dabam. Kafin a gama gyara, an rufe karɓar dosiye. Uwarta ta sayar da awaki biyu ta tura ta jami'a haka nan. Ta yi wata biyar tana cin abinci sau ɗaya a wuni, ta tattara ta dawo gida.

Shekara uku yarinyar nan tana zaune gabana. Na gyara mata ɗaruruwan lissafi, ban taɓa cewa "kawo takardar haihuwarki in gani" ba. Don haka da kaina zan fara.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba: hukumar ANAB ce ke kula da bursu da kuma taimakon da ake ba ɗaliban da ba su samu bursu ba. Ba a bi yaro gida a ba shi don ya ci bak. Sai ya nema, cikin lokacin da aka tsayar. Ana duba makinsa, ana duba shekarunsa, ana duba takardunsa: ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta cin bak, da shaidar ya yi rajista a makaranta. Kowace da ƙofar da ake samunta. Takardar ɗan ƙasa kotu ke ba da ita, kuma ba a yin ta sai da ta haihuwa. Kwafi kuwa sai an kai an buga masa hatimi. Ɗan ma'aikaci da ke cikin Maraɗi ko Damagaram zai gama wannan cikin ƴan kwanaki, don ubansa ya san ƙofofin. Ɗan ƙauye fa? Kuɗin mota, kuɗin tambur, kuɗin hoto, kwana a gidan mutane, a ce masa "dawo jibi". Duk wannan cikin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma gona ke jiran hannunsa.

Ƴan uwana malamai, mu daina wanke hannu. Mu ne muka rubuta Mahamadu a wannan rajista, Mamman a waccan, Mahaman a ta uku, alhali yaro ɗaya ne. Mu ne muke ganin an rage wa yaro shekaru don ya shiga jarrabawa, mu kau da kai, mun manta cewa ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Malaman ajin ƙarshe nawa ne suka taɓa ɗaukar awa ɗaya tak suka bayyana wa ɗalibai yadda ake neman bursu? Muna kai su bakin gulbi, mu juya mu bar su ba jirgi.

Ku kuma uwaye, kun san ina ganin girmanku, amma gaskiya ɗaya ce. Mutum zai yanka rago ranar suna, ya tara gari, ya kashe jika hamsin, amma ya kasa zuwa ya sa a rubuta haihuwar jaririn. Sai bayan shekara goma sha takwas ya zo yana cewa an zalunci ɗansa. Kuma maganar "sai mai hanya" da kuke yi gaban yara guba ce. Na san ɗaliban da ko ajiye dosiye ba su yi ba, don an riga an gaya musu a gida wahalar banza ce. Wanda bai nema ba, ya bar wa mai hanyar gurbinsa kyauta.

Wani zai ce: "Malam, bursun da sai an yi wata da watanni ana jira, har sai ɗalibai sun fito titi, shi kake ta wannan faɗa a kai?" Ƙwarai kuwa. Jinkirin biya gaskiya ne, kuma abin kunya ne. Amma mu tuna wannan haƙƙi ba a sama ya faɗo ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, a gadar Kennedy ta Yamai, ɗalibai uku suka rasa rayukansu a zanga-zangar ƙungiyar USN, lokacin da ake matse kuɗin ilimi. Abin da aka biya da jini ba a barinsa don ya makara. Kuɗin da ya zo a makare yana biyan bashin mai shago da na mai ɗaki, yaro ya ci gaba da karatu. Wanda sunansa ba ya cikin jeri, ko bashin ba mai ba shi.

Gwamnati ma ba ta fita ba. An kawo jami'a kusa da mu: Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa, ban da Abdou Moumouni ta Yamai. Mun gode. To, a kawo bayani kusa da mu shi ma. Sanarwar da aka rubuta da Faransanci aka liƙa a intanet ba ta kai ga manomin da ke da rediyo kaɗai. A karanta sharuɗɗa da ranar rufewa da Hausa a gidajen rediyon karkara. A tura ma'aikata lise-lise kafin jarrabawa. A yawaita zaman kotu na tafi-da-gidanka, a kai shi makarantu, a gyara takardun yara tun suna firamare. Wanda aka ƙi dosiyensa kuma a gaya masa dalili a rubuce, a ba shi lokacin gyara. Inda aka yi shiru, nan zargin hanya ke tsiro.

Amma ba sai mun jira Yamai ba. Kowace makaranta tana da ƙungiyar uwayen yara. A tsayar da rana ɗaya a farkon shekara, kowane ɗalibi ya zo da takardar haihuwarsa, a aza ta kusa da rajistar makaranta, a duba harafi bayan harafi, lamba bayan lamba. Wanda ke da matsala yana da shekara biyu ko uku na gyara, maimakon sati biyu.

Ni dai na riga na gaya wa ƴan ajina: ranar Litinin ba lissafi. Kowa ya zo da takardarsa. Malam, kai fa, yaushe za ka duba na ajinka?