Libarba: Ta Tsaron Gida Dabam, Ta Gasa Dabam

Wani mai karatu daga Agege ya aiko mini da takarda yana cewa ɓarayi sun dami unguwarsu, ya kuma ga Amurkawa a intanet suna ta gardama a kan irin libarbar da ta fi dacewa mutum ya ajiye a gida, har ya riƙa shiga gasar harbi da ita. Wai in ba shi shawara. To, malam, bari mu fara leƙa Amurka ɗin tukuna, daga baya mu komo gida.

Ita dai libarba ƙaramar bindiga ce mai 'yar ganga a tsakiya, wadda ake jera harsasai biyar ko shida a cikinta, wasu har takwas, duk harbi ɗaya sai gangar ta juya ta kawo na gaba. Samuel Colt ne ya yi rajistar irin tasa a Amurka cikin 1836. Abin da ya sa har yanzu ba a yar da ita ba shi ne rashin rikici. Idan harsashi ya ƙi tashi, sai a sake jan kunama, na gaba ya zo. Aibinta kuwa, harsasanta kaɗan ne, sake ɗura ta kuma yana cin lokaci.

Masu saye don tsaron gida galibi sukan nemi mai bututu inci 4, irin su Ruger GP100 ko Smith & Wesson 686, waɗanda aka ƙera don harsashin .357 Magnum da ya fito cikin 1935. Hikimar ita ce, irin wannan bindiga tana cin harsashin .38 Special, wanda bai kai wancan ƙarfi ba, alhali kuwa wadda aka yi don .38 ba ta cin Magnum. Masu koyar da harbi da yawa sukan ce a gida a ɗura mai sauƙin, domin Magnum a cikin ɗaki da dare ƙararsa tana toshe kunne, walƙiyarsa tana kashe ido, yana kuma iya huda bango ya sami wanda ke barci a ɗakin gaba. Gidajensu da yawa na katako ne da allo, ba irin bulo ɗinmu ba.

Ta gasa kuwa wata aba ce dabam. Ana son ta da dogon bututu da nauyi, don kada ta riƙa zillo a hannu, sa'an nan a kai ta wurin gwani ya sassauta kunamarta, ta zama da an ja kaɗan ta tashi. A filin gasa wannan alheri ne. Jerry Miculek, wanda ya yi suna a wannan fage, ya harba harsashi 8 cikin daƙiƙa ɗaya da libarba a 1999. Amma a tuna da rana ya yi, a fili, abin da yake harbi kuma ba ya motsi, ba ya ramawa. Magidancin da motsi ya tashe shi da ƙarfe biyu na dare, jikinsa na ɓari, bai san ko ɓarawo ne ko ɗansa ne ya fito shan ruwa ba, nauyin kunamar nan shi kaɗai ne ya rage tsakaninsa da nadama. Bugu da ƙari, kunamar da aka sassauta ƙwarai takan kasa tayar da wasu harsasan. Saboda haka ni dai ban yarda da masu cewa bindiga ɗaya za ta yi aikin biyu ba, ko da yake 'yan kasuwa suna son a yarda.

Su Amurkawa tsarin mulkinsu ne ya ba su wannan dama tun 1791, Kotun Ƙolinsu kuma ta tabbatar cikin 2008 cewa mutum yana da ikon ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai. Suna da filayen koyon harbi, suna da akwatunan ƙarfe na kulle makami. Duk da haka, a 2021 mutum fiye da 48,000 ne bindiga ta kashe a ƙasar, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Ingila ta bi wata hanya. Bayan da wani ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane ta Sikotilan cikin 1996, aka hana mallakar ƙananan bindigogi a 1997, har ya zama 'yan gasar harbinsu sai sun ƙetare zuwa wasu ƙasashe su yi atisaye.

To, a nan Nijeriya fa? Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka irin ta maharba, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasisinta. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, sai Sufeto-Janar. Libarba kuwa an sa ta cikin haramtattun makamai, layi ɗaya da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta, ba mai ba da izininta sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita babu wannan izini, ɗaurin da doka ta yanka masa bai gaza shekara 10 ba.

Na san abin da zai zo ran mai karatu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'arta su nemi bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga, kuma wanda aka kwashe wa iyali ba ya son jin karatun doka. Ban ga laifinsa ba. Sai dai maganar gwamna ba ta soke dokar tarayya, ranar da aka kama mutum kuwa alƙali littafin doka zai buɗe.

Saboda haka, malam na Agege, libarba ba ta cikin abin da za ka zaɓa. Kuɗin da ka tanada, ku haɗa da na maƙwabta ku sa ƙofa a bakin layinku, ku sa fitilu, ku ɗauki 'yan sintiri waɗanda ofishin 'yan sandan yankinku ya san da zamansu.