Idan An Kama Naka, Shiru Ba Haƙuri Ba Ne

'Yan'uwa, akwai wata ɗabi'a da ta daɗe a gidajenmu, daga Mayo har unguwannin Umdurman. Idan 'yan sanda suka tafi da yaro, sai a rufe ƙofa, a sassauta murya don kada maƙwabta su ji. Uba ya ce abin kunya ne, uwa ta ce a bar wa Allah, sannan a shiga neman wanda ya san wani a ɓoye. A ganina wannan shirun ya fi kamun haɗari, domin wanda ba a zo cigiyarsa ba shi ake yi wa yadda aka ga dama.

Tun a zauren karatu malamai suka koya mana cewa kawo hujja yana wuyan mai tuhuma, kuma zargi daban, laifi daban. Dokar ƙasa ma haka ta tafi. Dokar bin bahasin laifuka ta 1991 ta ba 'yan sanda ikon tsare mutum awa 24 kawai domin bincike. Bayan nan sai da izinin mai gabatar da ƙara, wato wakilin niyaba, shi ma kwana 3 ne iyakarsa, daga nan sai alƙali. Sashe na 83 ya hana a cutar da wanda aka kama a jikinsa ko a hankalinsa, ya ba shi damar ganin lauya da sanar da iyalinsa.

Sai dai doka a takarda ba ta tashi da kanta. A 2019 malamin makaranta Ahmad al-Khair ya rasu a hannun jami'an tsaro a Khashmul Girba, hukuma ta fara cewa guba ya ci a abinci. Danginsa da abokan aikinsa suka ƙi yarda, har ranar 30 ga Disamba na shekarar wata kotu a Umdurman ta yanke wa jami'ai fiye da 25 hukuncin kisa. A Disamba 2020 aka ɗauke Baha'uddin Nuri a Kalakla, bayan kwanaki aka kira iyalinsa su karɓi gawa a asibitin Umdurman. Suka ƙi karɓa sai an sake bincike, binciken kuwa ya tabbatar da raunukan da suka yi ajalinsa a hannun dakarun Da'amus Sari'. Waɗannan ba 'yan sanda ne suka tsare su ba, amma darasin ɗaya ne: gaskiya ta fito ne domin dangi sun tsaya.

Wani zai ce su 'yan gari ne, mu kuwa kullum ana tambayarmu asalinmu, kuma ba mu manta hayaƙi mai sa hawaye da aka watsa wa Hausawa a Khartum a Yuli 2022 ba, lokacin da suka fito kan kashe-kashen Nilul Azraƙ. Gaskiya ne, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya ƙara yawan zargi. Amma wannan shi ne dalilin fitowa fili. Mai sayar da agashe ko mai shayi da aka kwashe a kasha, idan ba a ga kowa a bayansa ba, an tabbatar wa mai kamun cewa baƙo ne.

Saboda haka, ranar da aka kama naka, kada rana ta faɗi ba ka je ofishin 'yan sanda ba. Ka tafi da dattijo da shaida guda. Ku tambayi abin da ake tuhumarsa da shi da lambar ƙarar, ku rubuta ranar da lokacin kamun. Awa 24 na cika, ku nufi niyaba. In akwai rauni a jikinsa, ku nemi likita ya duba ya rubuta. Kada a miƙa kuɗi a bayan fage, domin wanda ya saye 'yancin ɗansa yau, gobe a kan ɗan maƙwabcinsa za a dawo.

Mai laifi ya amsa laifinsa a gaban alƙali, ba mu ce a kare shi ba. Amma a kai shi gaban alƙalin da ransa da mutuncinsa.

Allah Ya kare mu daga zalunci, Ya kuma hana mu zaluntar wani.