Hazon Hunturu a Kura da Bunkure: Ƙura Ce Zalla Ko Da Ruwa a Cikinta?

Duk shekara daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga ƙwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon Tafkin Chadi ya ƙafe, ta baza ta a kan ƙasar Hausa. A daidai wannan lokaci ne kuma ruwan Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yake kwarara cikin magudanan Kura da Bunkure da Garun Malam, manoma suna shuka alkama da tumatir da albasa. Wato busasshiyar iska mai ƙura tana ratsawa ta kan dubban kadada na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin tambaya a nan shi ne, mene ne yake faruwa idan waɗannan biyu suka haɗu, kuma wa ke auna shi?

Bahaushe yana kiran abin da ya rufe sararin sama hazo, ko na ƙura ne, ko na hayaƙi, ko na laimar asuba. Masana yanayi kuwa dole ne su rarrabe, domin ɓarɓashin da ke yawo a iska ba halinsa ɗaya ba. Kowace uwargida ta san gishiri yakan jiƙe a damina ko da ba a zuba masa ruwa ba. Laimar iska yake zuƙa, kuma yakan fara narkewa idan laimar ta kai kashi 75 cikin 100. Ɓarɓashin gishirin amoniya da salfet yana yin haka a wajen kashi 80. Ƙurar hamada zalla ba ta cika shan ruwa ba, amma idan ta cakuɗu da hayaƙi da irin waɗannan gishirai, sai halinta ya sauya. Ɓarɓashin da ya sha ruwa yana kumbura, yana tare haske fiye da busasshe, alhali yawan dattin bai ƙaru ba.

Yankin noman rani na Kogin Kano ya tara duk abubuwan da ke haifar da wannan cakuɗa. Akwai ƙurar Bodele, akwai hayaƙin ƙona karan shinkafa da na masu turara shinkafa a Kura, akwai iskar amoniya da ke tashi daga takin yuriya, ga kuma tururin ruwa daga gonaki, wanda yakan taru kusa da ƙasa da sanyin asuba, kafin rana ta take laimar ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Yadda ake auna wannan daga nesa ba boyayye ba ne. Na'urar da ake kira laida tana harba hasken leza sama, sannan ta auna abin da ya dawo daga kowane tsayi. Wani nau'inta yana auna tururin ruwa a lokaci guda. Idan aka samu sashen iska da ɓarɓashinsa ya gauraya sosai, amma laima tana ƙaruwa yayin da ake yin sama, to ƙaruwar hasken da ke dawowa ita ce ke nuna yawan kumburin. Masana a Giranada ta ƙasar Sifen sun yi amfani da wannan dabara, kuma an girke irin wannan na'ura a Mbur ta Senegal a 2015 da 2016 domin nazarin ƙurar Sahara. Daga sararin samaniya kuwa, tauraron CALIPSO na Amurka da Faransa ya yi wannan aiki na leza daga 2006 zuwa 2023, sannan a 2024 Turai da Japan suka harba EarthCARE. Da bayanan CALIPSO ne aka ƙiyasta a 2015 cewa kimanin tan miliyan 27 na ƙurar Sahara na sauka a dajin Amazon duk shekara.

Sai dai tauraron ɗan'adam yana ganin yawan hasken da aka tare ne, ba nauyin abin da huhun ɗan'adam ya shaƙa ba. Kafin a mai da wancan zuwa wannan, sai an cire kason ruwa, kuma ba a iya cire shi daidai sai da awon da aka yi a ƙasa. A Nijeriya, tashar auna hasken rana ta tsarin AERONET da ta fi daɗewa tana Jami'ar Ilori tun 1998. A Nijar akwai ta Banizumbu kusa da Yamai. Ilori na da nisan ɗaruruwan kilomita daga Kano, iskarta ta fi laima, hayaƙinta daban. Saboda haka duk alƙaluman gurɓatar iska na Kano da aka ɗora kan tauraro kawai, ba tare da gwaji a nan gida ba, suna iya yin sama ko ƙasa da gaskiya.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hira ce ta ɗakin gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta tsayar da cewa matsakaicin ƙananan ɓarɓashi a shekara kada ya wuce maikurogiram 5 a kowace mita kubik ta iska. Likita ba zai san inda muke ba sai da sahihin awo. Sanƙarau, wanda ya hallaka fiye da mutum 11,000 a Nijeriya a 1996, yana tashi ne a lokacin ƙura da bushewar iska. Manomi kuma, yawan ruwan da alkamarsa ke buƙata ya dogara da hasken ranar da ya iso gona, haka nan ƙarfin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Ga kuma jiragen da hazo ke hana sauka a filin Malam Aminu Kano.

Wani zai ce, magudanai sun cushe da yashi da kacala, manomi na kukan tsadar taki, ina ruwansa da leza? Maganarsa tana kan hanya, gyaran magudanai shi ne gaba. Amma tun da aka iya karɓo rancen Bankin Duniya a 2014 domin shirin TRIMING na farfaɗo da noman rani, kuɗin ma'aunin hasken rana da ƙaramar laida ɗaya ba zai gagara ba. Kuma ba sai an gina sabuwar hukuma ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tasha a Kadawa, Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Noman Busassun Yankuna, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa tana da cibiyar nazarin iska a Anyigba, ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da ruwan.

Abin da ya rage shi ne waɗannan su haɗa kai su girke tashar awo ta dindindin a Kadawa, a ba ɗalibai damar amfani da bayananta kyauta, sannan hukumar hasashen yanayi ta riƙa sanar da sakamakon a rediyo da Hausar da manomi zai gane, ta bambance masa hazon ƙura da na hayaƙi da na laima. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma babu rigakafin abin da ba a auna ba. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su ji.