Ziyarar Ƙafa: In Namugongo Ta Iya, Me Ya Hana Kagoro?

Kowace shekara ran 3 ga watan Yuni, dubban Kiristoci kan hallara a Namugongo, kusa da Kampala ta ƙasar Uganda, inda Sarki Mwanga ya sa aka ƙone samari masu bi a 1886. Da yawansu a ƙasa suke zuwa. Na Lira sukan taka fiye da kilomita 300, wasu kuma tun daga Kenya da Tanzaniya. Su iso ƙafa duk ta kumbura, murya ta dushe don waƙa, tsohuwa ta zube a ƙofar majami'a tana kukan murna. A Santiyago ta ƙasar Sifen kuwa, mai zuwa a ƙasa ba ya samun takardar shaida sai ya taka aƙalla kilomita 100 na ƙarshe, kuma a 2023 sama da mutum 400,000 suka karɓe ta.

To, jama'a, wannan ba baƙon abu ba ne ga mutumin Arewa. Kakannin Musulmi haka suka riƙa zuwa Makka, ta Barno da Cadi da Sudan, a yi shekaru ana tafe ana noma a hanya. Waɗansu ma ba su komo ba, ga jikokinsu can a Mai Wurno. Abin da ya kai su kuwa ba guzuri kaɗai ba ne, har da mutanen da suka ba su ruwa da masauki ba tare da sun san su ba.

Amma Kiristan Kafanchan, in an ce ziyara, sai hankalinsa ya tafi ga jirgin sama da Urushalima da haruffan JP a bayan suna. Tun da aka kafa hukumar ziyarar Kiristoci ta tarayya a 2007 ake ta kokawar kujera, kuma kowa ya san mai uwa a gindin murhu ne ke samu. Manomin citta na Kwoi fa? Matar da ke tallar acca a bakin tashar jirgin ƙasa fa? Su ba su da zunubin da za su kai gaban Allah ne?

Alhali kuwa ga wuraren tarihi a gida. A Girku ta ƙasar Zazzau ne Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin mishan na SIM, ya rasu a 1894. Mishan ɗin ya zauna a Kwoi tun 1910, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro kuwa tun 1931 take yaye fastoci. Daga Kwoi a biyo ta Kafanchan a sauka gindin dutsen Kagoro, tafiyar kwana biyu ce ga mai tafiya a hankali, ba fasfo, ba canjin kuɗi.

Abu guda ke hanawa, watau tsoron hanya. Tun rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan a watan Maris na 1987, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, ga kuma hare-haren ƙauyuka, mutane suka daina yarda da juna. Ayarin da zai ratsa garuruwan Jaba da Bajju da Fantswam, ya wuce rugagen Fulani da unguwannin Hausawa, ba zai kai ba sai kowa ya yarda ya wuce. Nan ne amfanin abin yake, domin Ardon da ya miƙa wa masu ziyara ƙwaryar nono yau, da wuya a same shi cikin masu faɗa da su gobe.

Ya kamata shugabannin ECWA da na Katolika da na Angilikan su zauna da Sarkin Jama'a da Sarkin Kagoro da Kpop Ham su shata hanya. Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta rage kujerun jirgi kaɗan, ta sa kuɗin a rijiyoyi da tsaro da ma'aikatan jinya a zango-zango. 'Yan kudancin Kaduna mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, waɗanda dā ma sukan cika motoci su zo gida Kirsimeti, suna iya sa ranar a ƙarshen Disamba, yadda ayarin zai shiga Kagoro kafin bikin Afan na ran 1 ga Janairu.