A Daina Tura Mata Wajen Gawayin Murhu

'Yan uwa marubuta. Wannan makon da ƙorafi na zo, kuma a kanmu ne.

Akwai wani irin rubutu da ya zama yayi a shafukanmu. Sai mutum ya tsinci labarin cewa masana sun cire guba daga ruwa da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, ya mayar da shi Hausa a gurguje, ya rufe da cewa uwargida ta jefa gawayi a randa, an gama. A yi ta tura shi ana sa albarka. Wallahi wannan cutarwa ce, ko da niyyar mai rubutun alheri ce.

Binciken kansa gaskiya ne. A makarantarmu ma ɗalibai da dama a kansa suka yi aikin kammala difloma. Amma abin da suke amfani da shi ba gawayin murhu ba ne. Ana gasa ɓuntun ko totuwar masara a wuta mai tsananin zafi inda iska ba ta shiga, sannan a bi shi da tururi ko wani sinadari har jikinsa ya cika da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Giram ɗaya na mai kyau, in da za a shimfiɗa bangon ramukansa, zai iya kai murabba'in mita 1,000, wato ya fi fuloti huɗu na hamsin-hamsin. A jikin bangon nan dalma da kiromiyom da ragowar magani irin su tetarasaikilin suke maƙalewa, ruwan ya wuce. Maƙalewa fa na ce, ba ɓacewa ba. Ramukan suna cika, kuma in sun cika, guba wucewa take yi abinta, ruwan yana nan garau a ido. Uwargida da me za ta gane ranar da ya cika? Kuma gawayin da ya sha gubar, a wace bola za ta zubar da shi?

Masu cewa a tafasa kuma, tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma ba rai gare ta ba balle ta mutu. Wanda bai san aikin dalma ba ya tuna Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinare ta kashe yara sama da 400.

Babban abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, irin wannan rubutu yana ɗauke laifi daga kan mai shi ya ɗora wa mai randa. Wannan fasaha ta fi dacewa da bakin bututu, inda ruwan ƙazanta yake fitowa a wuri guda, ana iya auna shi, ana iya sauya gawayin a kan lokaci. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai da gishirin kiromiyom suke jeme fata. Ruwan Bompai yana gangarawa Getsi, ya haɗu da Jakara, kuma da shi ake ban ruwan lambunan da latas da alayyafonsu ke shigowa kasuwa. Wannan gubar ta kwanon miya take zuwa, ba ta ma bi ta randar ba. Haka ruwan asibitoci da gonakin kaji: wani kaso na maganin da aka sha yana fita a fitsari da kashi da ƙarfinsa, ƙwayoyin cuta su yi ta zama da shi a kwata har su daina jin sa. A 2019 kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani.

Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA, kuma doka ta wajabta wa masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi. Mai son yin rubutu a kan ɓuntu, ga inda aikin yake: ya je bakin magudanar Sharaɗa ya ga launin ruwan da idonsa, ya zauna da mai lambu a gefen Jakara, sannan ya nemi jami'in hukumar ya tambaye shi yaushe rabon da a auna ruwan, kuma ina sakamakon yake.